Sabon gida a bayan gari ko tsoho a cikin birni: Lissafin da ke gaban masu saye a Katsina

Tun daga ranar 23 ga Satumba, 1987, da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, birnin Dikko bai daina faɗaɗa ba. Garin da a da ganuwa ta kewaye shi, ana shigarsa ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa da sauran ƙofofi, yau ya tsallake iyakarsa ya kutsa cikin ƙasar Batagarawa da Kaita. Rukunin gidaje irin su Barhim da Goruba da Fatima Shema sun zama unguwanni masu zaman kansu, gonakin da ke bayansu kuwa an yanka su fulotai.

Dalilan wannan faɗaɗa a bayyane suke. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam sun jawo malamai da ɗalibai. Matsalar 'yan bindiga ta koro dubban iyalai daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana, masu hali daga cikinsu suka nemi mallakar muhalli a babban birni. Sabbin hanyoyi, musamman titin zobe da kuma hanyar kewaye ta gabas mai tsawon kilomita 24 da Shugaba Bola Tinubu ya buɗe a watan Mayun 2025, sun mayar da daji bakin titi. Ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Katsina.

A cikin wannan yanayi ne ɗan kasuwar da ya tara 'yan kuɗinsa, ko ma'aikacin da ke jiran garatuti, yake fuskantar tambaya guda: ya sayi sabon gini a bayan gari, ko ya nemi tsohon gida a Rafindadi ko Yarinci ko Gambarawa? Dillali zai faɗi farashin kowanne. Sai dai farashin da ake rubutawa a takardar ciniki kashi ɗaya ne kawai na abin da mai saye zai biya.

Sabon gida yana da abin jan hankali. Akwai fili, mota tana shiga har cikin gida, ga tayil da silin da fenti mai ɗaukar ido, kuma ba a buƙatar gyara kafin tarewa. Amma yawancin irin waɗannan gidaje an gina su ne domin sayarwa, ba domin maginin ya zauna ba. Tun da farashin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu wurare a watan Fabrairun 2024, mai ginin sayarwa yana da hanya biyu ta tsira da ribarsa: ko ya ƙara kuɗi, ko ya rage kayan aiki. Ragin kuwa ana yinsa ne a inda ido ba ya gani, wato zurfin harsashi, kaurin rodi, yawan bulon da ake bugawa daga buhu guda, da ingancin wayar lantarki da ke cikin bango. Fenti yana rufe wannan duka har zuwa damina ta biyu ko ta uku, sa'ad da bango zai fara tsagewa. Araha dai ba ta ado.

Ko da ginin ya yi inganci, akwai abin da ba ya cikin ciniki. Ruwan famfo na birnin, wanda ya daɗe yana dogaro da madatsar Ajiwa, bai wadaci tsofaffin unguwanni ba, balle sababbi da ba a shimfiɗa musu bututu ba. Mai sabon gida zai haƙa rijiyar burtsatse ko ya zama abokin cinikin 'yan ga-ruwa. Sau da yawa mazauna unguwa ne ke yin karo-karo su sayi turakun wuta da taransifoma kafin kamfanin KEDCO ya haɗa su. Su ne ke zuba jar ƙasa a hanya, su haƙa magudanar ruwa, su biya 'yan sintiri duk wata, domin gidan da ke tsakanin kangaye da gonaki ba ya kwana da ido biyu rufe a jihar da ke fama da masu garkuwa da mutane. A taƙaice, wanda ya sayi gida a sabuwar unguwa ya ɗauki nauyin gina gari da aljihunsa.

Sai kuma batun sufuri, wanda ya sauya lissafi tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A ɗauki misalin magidancin da ke kashe Naira 2,000 kullum wajen zuwa aiki da kai yara makaranta. A kwanakin aiki 22 ya kashe Naira 44,000, fiye da kashi 60 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Wannan haya ce ta biyu, wadda mutum zai ci gaba da biya a cikin gidan da ya mallaka.

A nan ne tsohuwar unguwa take nuna darajarta. Ɗan kasuwar da ke zaune cikin birni yana kusa da Babbar Kasuwa, yaransa suna tafiya Islamiyya da ƙafa, asibiti da masallacin Juma'a suna kusa. Sama da haka akwai jama'a. Baƙo ba ya shiga lungu ba a tambaye shi wurin wa ya zo ba, kuma idan rashin lafiya ko rasuwa ta faru cikin dare, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan tsaro ne da ba a biyan kuɗinsa, shi ya sa magabata suka ce a nemi maƙwabci kafin gida.

Amma shi ma tsohon gida yana da nasa tarkon. Na farko shi ne jikin ginin. Da yawa gini ne na ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti, azara ta tsufa, danshi ya cinye gindin bango, masai ya cika. Mai saye kan tarar cewa fili kawai ya saya, sai ya rushe ya sake gini, a lungun da tifa ba ta iya shiga ta sauke yashi.

Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne gado. Mafi yawan gidajen da ake sa wa kuɗi a cikin birni gidajen gado ne. Idan ba a raba gadon a gaban alƙali ba, ko wani magaji yana Legas ko Makka bai sa hannu ba, cinikin yana iya warwarewa bayan shekaru. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a ke bi, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason da aka sayar. Wanda ya sayi kason magaji ɗaya ba tare da sanin sauran ba, ya sayi shari'a.

Abin da ya haɗa gidajen biyu shi ne takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya wajabta neman amincewarsa kafin a sayar ko a jinginar da filin da ke da haƙƙin mallaka na gwamnati. Takardar mai unguwa da shaidu tana da ƙima a idon jama'a, amma ba ta maye gurbin shaidar mallaka. Wannan matsala ta shafi tsofaffin gidaje da ba a taɓa yi musu rajista ba, ta kuma shafi sababbi da aka gina a kan awon igiya ba tare da izinin hukumar tsara birane ba. Ranar da aikin faɗaɗa titi ya biyo ta kan gida, kamar yadda ake gani a ayyukan sabunta birni na gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, mai cikakkiyar takarda ne ke da ƙarfin tsayawa a kan diyyarsa.

Takardar ce kuma mabuɗin rance. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekaru har 30. Amma banki ba ya karɓar gidan da ba shi da shaidar mallaka. Saboda haka tsarin kansa yana tura ma'aikaci zuwa rukunin gidajen gwamnati na bayan gari, irin gidaje 250 na shirin Renewed Hope da aka aza harsashinsu a Katsina a 2024, ƙarƙashin ministan gidaje Ahmed Musa Dangiwa. Ɗan kasuwa mai kuɗi a hannu, wanda galibi yake gudun rance mai ruwa, shi ne ke iya sayen na cikin birni.

Ga mai saye, matakan kariya ba su da tsada idan aka kwatanta da asarar da suke hanawa. Ya ziyarci gida a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ke tona asirin rufi da hanya, ya kuma je da dare ya ga yanayin unguwa. Ya tafi da injiniya ko magini nasa, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya binciki takarda a ma'aikatar filaye da hukumar KATGIS kafin ya ba da kafin alƙalami. Idan gidan gado ne, ya nemi takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowane magaji. Sannan ya tara kuɗin ruwa da wuta da sintiri da sufuri na shekara biyar a kan farashin sabon gida, ya tara kuɗin gyara da rajista a kan na tsoho, ya kwatanta.

Sauran aikin na gwamnati ne. Muddin ana barin gonaki su zama unguwanni kafin a kai hanya da ruwa da makaranta, kuma muddin yin rajistar tsohon gida ya fi ƙarfin talaka, masu saye za su ci gaba da zaɓe tsakanin gida marar gari da gida marar takarda. Sauƙaƙa ba da shaidar mallaka a cikin birni, da hana yanka fulotai sai an tanadi abubuwan more rayuwa, su ne matakai biyu da za su rage wa Katsinawa wannan caca da dukiyar da yawancinsu sau ɗaya suke tarawa a rayuwa.