Shugabancin Coci: Sarauta Ce Ko Hidima?

Kwanakin baya na halarci wani bikin aure a Birnin Kebbi, inda mai gabatarwa ya daɗe yana jera wa wani babban malamin coci laƙabobi kafin ya kai ga sunansa. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na ga an tayar da wani dattijo mai dogara sanda daga kujerarsa domin mai riƙe wa malamin jaka ya zauna. Tun ranar nake tambayar kaina: shin shugabannin nan sun san ma'anar sunayen da suke amsawa kuwa?

Nazarin harshe ne sana'ata, don haka daga kalmomi zan fara. Kalmar fasto daga Latin ta fito, ma'anarta makiyayi, kuma kowa ya san makiyayi ba ya kwana a ɗaki ya bar garke a dawa. Dikin daga Girkanci take, tana nufin mai hidima, irin wanda ke kai wa baƙi abinci. Hatta minista, da coci da gwamnati ke amfani da ita, tushenta a Latin shi ne ƙarami, wato bara. Shi kansa Fafaroma, tun zamanin Gregory na Farko wanda ya yi shugabanci daga 590 zuwa 604, yana kiran kansa bawan bayin Allah. Tushen duk wannan yana cikin Linjilar Yohanna sura ta 13, inda aka ba da labarin yadda Yesu Almasihu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bayi ke yi a wancan zamani, sannan ya umarce su da su riƙa yi wa juna haka.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarun 1930, mishan ɗin SIM ya karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, bisa yardar hukumomin En'e. A lokacin ba a samu sahihin maganin kuturta ba, sai allurar wani man itace mai zafin gaske. Ma'aikatan nan, Turawa da ’yan ƙasa, su ne ke wanke gyambon mutanen da danginsu suka ƙi cin abinci da su a ƙwarya ɗaya. A Jamhuriyar Nijar ma, asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 yana nan yana karɓar marasa lafiya, akasarinsu Musulmi. Duk wata ƙima da coci ya samu a idon talakan ƙasar Hausa, a irin waɗannan wurare ya same ta, ba a bisa mumbari ba.

Wani zai ce ai mishan suna da manufarsu ta yaɗa addini, kuma wasunsu ba su kuɓuta daga girman kai irin na zamanin mulkin mallaka ba. Gaskiya ne, shi ya sa ma sarakuna suka yi ta taka-tsantsan da su. Amma wannan bai rushe hujjar ba, domin ko wanda bai karɓi wa'azinsu ba ya shaida hidimarsu. Wani kuma zai ce shugaba ba ya rasa kwarjini. Haka ne, sai dai kwarjini daban, jiniya da jerin motoci daban. Marigayi Fafaroma Francis ya wanke ƙafafun matasa ’yan kurkuku a birnin Rum a 2013, cikinsu har da Musulmi, kuma a 2019 ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun shugabannin Sudan ta Kudu yana roƙonsu zaman lafiya. Wa ya ce darajarsa ta ragu?

A Jihar Kebbi, Kiristoci sun fi yawa a ƙasar Zuru. A yankin Jega da Aliero da Maiyama kuwa, da ƙauyuka irin su Fagada, tsiraru ne a tsakanin maƙwabta Musulmi. A irin wannan wuri babu mai auna shugaban coci da tsawon laƙabinsa. Abin da ake dubawa shi ne: ya zo gaisuwar mutuwa? Ya duba mara lafiya? Ya shiga aikin gayya? Shugaba mai tawali'u garkuwa ne ga mabiyansa, mai girman kai kuwa shi ke jawo musu baƙin jini, ya shige motarsa ya bar su da shi.

Saboda haka ina kira ga majami'u da su riƙa tambayar mai neman muƙami wa ya taɓa yi wa hidima, kafin su tambaye shi yawan baikon da ya tara. Tambayar ba ta tsaya kan coci ba. Ta hau kan liman da hakimi da minista da mu malaman jami'a. Bahaushe ya ce babba juji ne. Wanda ba zai iya ɗaukar sharar jama'a ba, to ya bar musu kujerarsu. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayin na ƙasa.