Zauren Malam: Wuri, Teku Da Mu Mutanen Tudu

 

A wannan fitowa za mu ajiye maganar jarrabawa da kuɗin makaranta tukuna, mu gangara bakin teku. Mun san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da tsakaninmu da Kwatano tafiyar sama da kilomita 400 ce, kuma da yawa daga cikin yaranmu sukan gama ajin CM2 sun haddace cewa gaɓar tekun ƙasarmu kimanin kilomita 125 ce, alhali babban ruwan da suka taɓa gani shi ne madatsar Okpara. To, a yi haƙuri a saurara.

Har yau idan Bahaushe zai faɗi kuɗi masu kauri sai ya ce "wuri na gugar wuri". Amma a tambayi mai faɗar haka daga ina wurin ya fito, sai a ji shiru. Wuri ɗan teku ne. Ƙoƙon wata 'yar halitta ce dangin dodon koɗi, kuma mafi kyawunsa, wato ƙaramin nan fari da kakanninmu suka yi ciniki da shi, daga tsibiran Maldif ake kawo shi, can cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da Siri Lanka. Tsibirai ne ƙanana kusan 1,200, mutanensu Musulmi. Yadda suke kama shi a wancan zamani babu wuya: sukan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa mara zurfi, halittun su hau su manne, sai a jawo ganyen a shanya ko a binne cikin yashi har naman ya ruɓe, a wanke ƙoƙon, shi ke nan kuɗi ya samu.

Matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna a tsibiran wajen 1343 zuwa 1344, har ya yi musu alƙalanci. A can ya tarar ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya. Bayan kamar shekara 10 da ya zo Mali da Gao, sai ya iske wuri 1,150 ne dinari. Malaman lissafi, ga aikin gida ku ba yara: ribar ta kusa ninki 350. Ba banza ba Turawa suka shiga wannan ciniki da ƙarfinsu. Mutanen Holan da na Ingila sukan loda wuri a ƙasan jiragensu don ya ba jirgi nauyi, su kai shi Amsterdam da Landan, daga can a sake lodo zuwa gaɓarmu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai an shigo da wuri sama da biliyan 10 Afirka ta Yamma, kuma Wida tana cikin manyan ƙofofinsa. Abin da aka fi saye da shi kuwa, sai mu faɗa ko da ɗaci, bayin Allah ne 'yan Adam.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shiga ƙasar Hausa. A 1851 Bature Barth ya tarar a kasuwar Kano wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda. Buhun tabarma mai wuri 20,000 shi ake kira keso, kuma kaya ne na ƙato guda. Fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, waɗanda suka ratsa Barguu ta Nikki da Paraku suka yada zango a Jugu, da wannan kuɗi suka biya fito da kuɗin masauki. Wato zangunan da muke zaune a cikinsu yau, da ƙoƙon halittar teku aka yi cinikin da ya kafa su.

Yanzu wuri ya koma kayan ado da na 'yan bori da masu duba, amma tsibiran Maldif ba su daina cin abincin teku ba. Tun daga 1972 da suka buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido, mutane ke zuwa daga Turai da Asiya suna biyan kuɗi masu yawa don kawai su nutsa su kalli abin da ke ƙarƙashin ruwa. Nutso dai ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, ko ya ga Sarkawan Malanville da Karimama a bakin Kwara, ya san akwai maza masu riƙe numfashi su kamo kifi da hannu. Bambancin shi ne waɗannan da iskarsu suke shiga. A 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera wata na'ura da ke sakar wa mutum iska daga tulun ƙarfe da ya goya, daidai gwargwadon yadda ya ja numfashi. Da wannan tulu, da tabarau mai rufe ido da hanci, da takalmin roba mai kama da ƙafar agwagwa, mutum yakan yi kusan awa guda a ƙasa.

Sai dai abin yana da doka, kuma dokar darasin kimiyya ce mai kyau ga manyan ajujuwa. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa, nauyin da ke danne jikinsa yakan ƙaru da kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke samanmu. Saboda wannan danniya, iskar naitirojin takan narke cikin jininsa. In ya taso a hankali, tana fita ta numfashi. In kuwa ya yi gaggawa, sai ta yi kumfa a jini kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, abin da kan kawo shanyewar jiki ko ajali. Shi ya sa ba a barin sabon shiga ya wuce mita 18, masu yi don nishaɗi kuma iyakarsu mita 40, kuma ba a nutsawa mutum ɗaya.

Abin da suke zuwa kallo shi ne murjani. Mu mun san shi a wuyan amare, amma a cikin ruwa halitta ce mai rai, ƙanana ƙwarai, masu gina gidajen alli bisa na iyayensu shekara dubbai har su zama tudu. Tsibiran Maldif kansu a kan irin wannan gini suke zaune. Cikin jikin murjani akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, ita ke ba shi abinci da launi, shi kuma ya ba ta masauki. Idan ruwa ya ɗara zafinsa na kullum da ko digiri 1 na 'yan makonni, sai wannan zama ya ɓaci, murjani ya kori baƙuwarsa, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a 1998, inda mafi yawan murjanin ruwa mara zurfi na tsibiran ya hallaka, aka kuma maimaita a 2016. Ga kuma teku na ƙara tasowa, ƙasar kuwa tsayinta bisa ruwa bai fi mita 1 da rabi ba a matsakaici. A watan Oktoba na 2009 shugabansu na lokacin, Mohamed Nasheed, ya tara ministocinsa suka goya tulun iska suka yi taron majalisa a ƙarƙashin ruwa, don duniya ta ji kukansu.

To mu fa? Gaskiya gaɓarmu ba wurin irin wannan nutso ba ce. Yashi ne miƙe tun daga iyakar Togo har Seme, igiyar ruwa mai ƙarfi, ruwan kuma a gurɓace da yashi. Mai son ruwa garau a wannan yanki namu sai ya tafi tsibiran Sao Tome da Principe. Amma kada wannan ya sa mu raina namu. Daga wajen watan Agusta zuwa Nuwamba, manyan dabbobin nan da ake kira balen da Faransanci sukan taso tun daga ruwan ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya, tafiyar dubban kilomita, su zo su haihu a ruwanmu mai ɗumi. Irin da ke zuwa mana yakan kai mita 15, nauyinsa tan 30. Ko da yake kamar kifi yake, iska yake shaƙa, kuma uwar nono take ba ɗanta. Ƙungiyar Nature Tropicale ta sha fita da mutane cikin jirgi daga Kwatano don su gan su.

Akwai kuma kififiyar teku, iri 4 a ruwanmu. Babbarsu, mai baƙin baya kamar fata, takan wuce kilo 500, kuma tana nutsawa fiye da mita 1,000, inda babu ɗan Adam mai goyon tulu da ya isa. Da dare macen kan fito kan yashin Grand-Popo da maƙwabtansa ta haƙa rami ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe ta koma. Bayan kamar wata 2 'ya'yan su fashe su ruga ruwa. Wani abin al'ajabi, zafin yashin ne ke yanke ko maza za su fi yawa ko mata. Wurin da kogin Mono ke shiga teku, wato Bouche du Roy, yana cikin yankin da UNESCO ta amince da shi a 2017 a matsayin gandun halittu na haɗin gwiwa tsakaninmu da Togo.

Kafin mu wuce, mai karatu ya laluba aljihu ya ciro tsabar sefa ya duba tambarin bankin BCEAO. Wannan abu mai haƙora da ke jiki siffar kifi mai zarto ce, wanda a da yake da yawa a gaɓar Afirka ta Yamma. Yau ya kusa ƙarewa ƙaf a yankin, mafi yawan masunta matasa a kan kuɗi kawai suka san shi.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Kogin Weme, babban kogin ƙasar nan, daga duwatsun Taneka yake tasowa, nan kusa da Jugu. Okpara da ke shayar da Paraku a cikinsa take zuba. Bayan tafiyar kimanin kilomita 510 sai ya shiga tafkin Nokoue, daga nan ta mashigin Kwatano, wanda aka haƙa a 1885, ya faɗa teku. Don haka ledar ruwan sanyi da ta ƙosai da muke watsarwa a magudanun unguwanninmu, in damina ta sauka, hanyarta ɗaya ce. Babbar kififiyar nan abincinta wata halitta ce fara mai taushi da ke lilo cikin ruwa, kuma leda a ruwa kamarta ɗaya da ita. Ta haɗiye, hanji ya toshe. Tun ranar 26 ga Disamba 2017 akwai doka a ƙasar nan da ta hana shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa. Kowa ya leƙa kasuwar Arzeke ya san matsayin wannan doka. A ganinmu ba sai mun jira ɗan sanda ba, tunda da yawa daga cikin masu teburin da ke ƙulla kaya a leda 'yan'uwanmu ne, kuma iyayenmu mata da kwano da ganye suka yi cefane ba su mutu ba.

Magana ta biyu ta fi nauyi, sai a gafarce mu. Ayu yana nan a ƙasan kwarin Weme da Mono da kuma Kwara. Dabba ce mai cin ciyawa, ba ta cutar kowa, takan yi kusan shekara da ciki ta haifi ɗa guda, sannan ta daɗe kafin ta sake. Irin wannan in ana kashe ta ba ta mayar da gurbi. Tun 2013 yarjejeniyar CITES ta sa ayun Afirka cikin jerin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe, dokar namun dajin ƙasarmu ma ta kare shi. Amma wa bai taɓa jin mai magani da lasifika yana tallar man ayu da harshenmu ba? Ko dai man na gaskiya ne, an karya doka, ko kuwa na ƙarya ne, an cuci mai saye. Kuma mu da muke 'yan tsiraru a ƙasa, in aka kama mutum ɗaya da irin wannan kaya a hanyar Bohicon, ba sunansa za a faɗa ba, cewa za a yi an kama Bahaushe. Muna roƙon sarakunan zango da limamai su sa baki.

Ga 'yan'uwanmu malamai da ƙungiyoyin iyayen yara kuwa, shawararmu ita ce makarantu biyu ko uku su haɗa kuɗin mota su kai 'yan CM2 Grand-Popo ko sau ɗaya. Watan Janairu ya fi dacewa, lokacin da masu gadin ƙwai kan saki 'ya'yan kififiya cikin teku a gaban jama'a, hanya kuma a bushe take. A ratsa ta Wida yara su ga Ƙofar Rashin Dawowa da aka gina a 1995, malami ya riƙe wuri guda a hannu ya ba su labarin da muka kawo a sama.

Amma a ja musu kunne tun daga gida, har da samarinmu da ke zuwa Fidjrosse yawon salla. Wanda ya iya iyo a rafi ko kududdufi bai iya teku ba. A gaɓarmu ƙasa takan zurma nan da nan, kuma akwai wuraren da ruwan da igiya ta kawo yake komawa da gudu ta wata siririyar hanya. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kwanciya a ido. In ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman tudu kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bi gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya juyo. Yara kuwa kada ruwa ya wuce musu idon sawu, a sa babba ɗaya a kan kowane yara 10, kuma a fara tambayar masuntan wurin inda ya kamata a tsaya.