Ilimin Zamani: In Baba na son kallon ƙwallo, salula ta hana

Tsofaffi da yawa suna son wasa. Sun saba bin kokowa a rediyo tun 1975, shekarar da aka fara gasar takobi a Tawa. Ba su manta zuwan Mena gasar ƙwallon Afirka a 2012 da 2013 ba. Yanzu salula ta shigo karkara. Tsoho yakan ce wa jikansa: "Yaro, buɗe mini wasan nan." Yaro ya taɓa, sai rubutu ya fito cewa ba a nuna wannan a ƙasarku. Rezo na nan, mega na nan, amma hoto babu.

Mene ne dalili?

Masu shirya manyan wasanni, kamar FIFA da CAF, sayar da izinin nunawa suke yi, yanki-yanki. Gidan talabijin da ya sayi izinin Faransa, mutanen da ke Faransa zai nuna wa. Kowace salula in ta hau intanet tana da lamba. Lambar nan ce ke faɗin ƙasar da mutum yake, kamar yadda alamar da ke jikin raƙumi take faɗin mai shi.

Mene ne VPN?

Wani ɗan shiri ne da ake sa wa salula. Aikinsa kamar burtali ne. Yana bi da saƙon mutum ta wata na'ura da ke wata ƙasa. Sai gidan talabijin ya ga lambar can, ya zaci mai kallon can yake. Wani lokaci ƙofa ta buɗe. Wani lokaci a gane, a sake rufewa.

Abin da mai taimako ya kamata ya yi

1. Ya fara neman ƙofar da ke buɗe. Ya tambaya ko Tele Sahel za ta nuna wasan, ko Muryar Sahel za ta ba da labarinsa, ko akwai gidan kallo a gari. Wannan ya fi sauƙi, kuma babu rigima.

2. Ya san cewa gidajen talabijin da yawa ba su yarda da VPN ba. Suna iya rufe rajistar wanda suka kama, kuɗinsa su tafi. A Sin da Iran hukuma ta ƙuntata shi. Matafiyi ya tambayi dokar inda ya sauka.

3. Ya yi hattara da VPN na kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Waɗansu suna tattara bayanan mai salula su sayar. Kada ya ɗauko wanda aka turo ta WhatsApp. Ya ɗauko daga Play Store, wurin kamfanin da aka sani. Duk shirin da ya nemi lambar sirri ta kuɗi, a goge shi nan take.

4. Ya yi lissafi. Wasan minti 90 yana iya cinye mega 1000 ko fiye. In an rage kyan hoto, mega za ta daɗe. Kada kuɗin cefane su ƙare a kallo.

5. Ya gwada tun ana saura kwana guda, ya cika batir. Ba a fafe gora ranar tafiya. VPN yakan rage gudun intanet, inda rezo ba shi da ƙarfi kuwa hoto zai riƙa tsayawa.

6. Kada ya miƙa wa tsoho salula ya tafi yawo. Ya zauna kusa, ya karanta masa sunayen ƴan wasa. In an tashi, ya kashe VPN.

In hoto ya ƙi, rediyo bai tsufa ba. Zaman da aka yi tare da tsoho shi ne babbar riba. Wanda ya karanta wannan ya faɗa wa wanda bai karanta ba.