Waiwaye: Katun ɗin da ba ya saɓa wa kiɗa

Ran 18 ga Nuwamba 1928 aka fara haska Steamboat Willie a wani gidan silima na birnin New York a Amurka, fim ɗin da bai cika minti takwas ba, babu kala sai baƙi da fari. Walt Disney ne mai kamfanin da ya yi shi, amma hannun da ya yi yawancin zanen na Ub Iwerks ne. Labarin bai taka kara ya karya ba. Ɓera ne, Mickey, yana aiki a jirgin ruwa. Akuya ta cinye takardar waƙa, sai aka kama wutsiyarta ana juyawa, waƙar tana fitowa ta bakinta. Daga nan Mickey ya buɗe bakin saniya yana kiɗa a kan haƙoranta. Shi ke nan fa. Amma duk bugu ɗaya yana sauka daidai inda sautinsa yake, ko ƙiris ba ya kaucewa.

Mu da muka tashi a ƙauyukan Kankia da Kusada, irin su Boko, ba mu san sunayen nan ba. Abin da muka sani shi ne majigi da ake kafawa a fili bayan sallar isha'i, sai kuma daga baya talabijin mara kala da ake haɗa wa batirin mota a ƙofar gidan mai hali. Ko katun mai kala ne, baƙi da fari yake iso mana. Turanci kuwa ba ma ji, kuma bai hana mu dariya har da riƙe ciki ba, domin abin ba a baki yake ba, a jiki yake.

A nan ingancin yake. Fim mai sauti yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, ke nan minti bakwai ya haura hoto dubu goma. Ko da an bar zane ɗaya ya tsaya wa hoto biyu, sai an zana dubbai da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kuma kafin a ɗora fensir sai an ƙirga bugun kiɗan a takarda, a san hoto na nawa ƙafa za ta taɓa ƙasa. A The Skeleton Dance na 1929, makaɗi Carl Stalling ne ya kawo shawarar a bar kiɗa ya ja gaba, zane ya biyo shi. Ƙwarangwal huɗu suka fito daga kabari suna rawa, ɗaya ya zare ƙasusuwan cinyar ɗan'uwansa yana kiɗa da su a gadon bayansa, zakara na yin cara suka ruga suka koma. Wanda ya taɓa ganin ɗan rawa yana amsa wa mai kalangu da kafaɗa ya san abin da nake nufi.

Ba duka katun na wancan zamani ne suka yi kyau ba. Da yawa maimaici ne kawai, wasu kuma sun zana baƙar fata da manyan leɓɓa don a yi masa dariya, abin da ko yau in ka gani sai ranka ya ɓaci.

Wanda ya fi ba ni sha'awa ma ba Ba'amurke ba ne. Moustapha Alassane ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942, ya koyi aikin fim a Yamai tare da mai shirya fim Jean Rouch, ya je Kanada ya ga yadda mai katun Norman McLaren ke aiki. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, katun baƙi da fari na wajen minti biyar, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, aka tarbe shi da fareti da duk wani kwarkwasar mulki. Layukan zanen 'yan kaɗan ne, amma habaicin ya isa inda aka aike shi, shekara shida kacal bayan Nijar ta samu 'yancin kai. Daga baya ya zauna a Tawa yana ci gaba da aikinsa, har ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawar gargajiya. Ya rasu a 2015, kuma da wuya ka sami matashi a Katsina ko Kano da ya san sunansa.

Yanzu ga kwamfuta, ga waya, katun na Hausa ya cika YouTube. Na ji daɗin haka. Sai dai mafi yawansu kala ce ta yi yawa, motsi ya yi kaɗan: mutum a tsaye ƙiƙam, baki kaɗai ke buɗewa yana rufewa, surutu ne ke ɗauke da komai. Kashe sautin ka gani, ba abin da zai rage.

Tun 1 ga Janairu 2024 wa'adin haƙƙin mallakar Steamboat Willie ya ƙare a Amurka, yana nan a intanet kyauta. Matasanmu masu zane, ku sauke shi ku riƙa tsayar da shi hoto bayan hoto kuna ƙirga bugun. Sannan ku nemi mai kalangu na garinku, ku ɗauki kiɗansa na minti ɗaya, ku zana mana abin da zai taka shi daidai.