Wa ya aikata?

A ajin nahawu an koya mini neman mai aikatawa cikin kowace jimla. To mu gwada wannan: "Yoyon fitsari ya kama ta." Wato ciwo ne mai laifi, kowa ya zame!

Ƙarya ne. Ɗiya ce aka aurar tana shekara 15, dokar Nijar ta yarda, alhali namiji sai 18. Kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, ana ta "yi haƙuri", ana jiran izinin maigida kafin a kai ta likita. Kan jariri ya danne mafitsara har ta huje. Sannan aka sake ta, wai tana zarni.

Samarin ajinmu, gobe ku ne magidanta. Izinin nan ku ba da shi tun ranar awon farko.