Daga Bakin Allo: "Ina Tela Mafi Kusa da Ni?"

A wannan wata za mu duba wani aiki da samarinmu suka fara sa hannu a ciki, wato buɗe shafin intanet don jera shaguna, teloli, makarantu da masu sayar da abinci na unguwannin zango. Abin a yaba ne. Amma jerin sunaye kawai ba ya amfanar baƙon da ya sauka daga mota a Nima ko Aboabo. Abin da yake so shi ne ya danna waya, ta gaya masa wane tela ne ya fi kusa da inda yake tsaye.

Mu a zango mun fi kowa bukatar wannan, domin yawancin lungunanmu ba su da suna a rubuce. Kwatancenmu shi ne "bayan babbar gwata, ka wuce mai koko, gida na uku". Kwamfuta ba ta san mai koko ba. Lamba ta sani.

Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu. Ta farko tana nuna nisansa arewa ko kudu da ikwaita, layin da ya raba duniya biyu. Ta biyu tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin Girinwich, wanda ya taso daga Landan, ya kuma ratsa ta garin Tema a nan ƙasarmu. Da digiri ake auna su. Ankara, babban birninmu, tana wajen digiri 5.6 arewa da 0.2 yamma, Kumasi 6.7 da 1.6, Tamale 9.4 da 0.8. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne. Saboda haka lamba ɗaya bayan ɗigo ba ta isa ba, gari kawai take nunawa. Lamba huɗu bayan ɗigo za su kai mutum cikin mita 11 na wurin, biyar kuwa su tsayar da shi a ƙofar shago. Adireshin GhanaPostGPS da gwamnati ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2017 a kan wannan tushe yake: an yanka ƙasar duka gida-gida, kowane gida mita 5 tsawo mita 5 faɗi, aka ba shi lambarsa.

To, yaya shafin zai yi binciken? Da farko sai a ajiye lambobin nan biyu a gefen sunan kowane shago. In baƙo ya buɗe shafin, wayarsa za ta tambaye shi ko ya yarda a san inda yake. In ya yarda, shafin ya karɓi lambobinsa, ya auna nisan da ke tsakaninsa da shagunan, ya jera su daga na kusa zuwa na nesa. In bai yarda ba, kada a rufe masa ƙofa; a ba shi wurin da zai zaɓi unguwa da hannunsa.

Awon nisan ba abin tsoro ba ne. Da yake duniya ƙwallo ce, akwai lissafin da ake kira habasain, wanda matuƙan jiragen ruwa suka daɗe da sani, kuma shi masu shirya shafuka suka fi ɗauka. Amma a cikin gari ɗaya, ƙa'idar Fitagoras da muke koya wa yara a aji ta wadatar, tun da muna dab da ikwaita: a nan digirin gabas da yamma ya kusa daidai da na kudu da arewa, alhali a Landan bai fi kilomita 69 ba. In shagunan sun yi yawa, dabarar ita ce a fara zana akwati. Ana neman abin da ke cikin kilomita 2? Sai a ƙara 0.018 a kan lambobin baƙon, a kuma rage 0.018, a zubar da duk shagon da ya faɗa waje, sannan a auna 'yan kaɗan da suka rage. Sai dai a tuna wannan nisa na tashin tsuntsu ne. Shagon da waya ta ce mita 200 ne, wataƙila gwata ce a tsakani, sai an zagaya.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen shigar da lambobin, kuma a nan muke so samarinmu su buɗe ido. Yawancin ƙasar Gana tana yamma da layin Girinwich, don haka lamba ta biyu tana ɗauke da alamar ragi a gabanta. Wanda ya manta da wannan ɗan layi a Kumasi, ya kwashe shagon ya kai shi sama da kilomita 350 gabas, can wajen iyakar Togo da Benin. Wanda ya juya lambobin Ankara, ta biyu ta koma farko, ya jefa telan cikin teku kusa da tsibirin Sao Tome. Wanda kuma ya bar gurbin babu komai, kwamfuta ta cike masa da sifiri da sifiri, to ya tura shi mahaɗar layukan biyu, tsakiyar ruwa, sama da kilomita 600 kudu da Tema. Kifi ba ya ɗinka riga. Maganin kurakurai biyun ƙarshe mai sauƙi ne: a sa shafin ya ƙi karɓar duk lambar da ba ta faɗa tsakanin digiri 4 da 12 arewa ba.

A ganinmu lissafin nan kwana ɗaya ya ishe shi. Aikin gaske na ƙafa ne. Dole wani ya bi lungu-lungu, ya tsaya a ƙofar kowane shago, a waje inda waya ke ganin sama, domin ƙarƙashin rufin kwano saƙon tauraron ɗan Adam yakan karkace. Ya ɗan jira lambar ta tsaya kafin ya rubuta. Bayan wata shida kuma a sake zagawa, don mai kiyos yakan tashi, tela yakan koma wata unguwa. Shafin da ya aika mutum wurin da babu kowa sau biyu, ba zai sake buɗe shi ba.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Da yawa daga cikin iyayenmu mata a cikin gida suke sana'a: masu kitso, masu tuwo, masu ƙosai. Sa lambar irin wannan wuri a intanet, nuna wa duniya ƙofar ɗakin mutum ne. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, amma ko babu doka, ladabi ya ce a nemi izinin uwar gida da maigida tukuna. Wadda ba ta so, a rage lambobinta zuwa biyu bayan ɗigo, su nuna unguwa kawai, kimanin kilomita ɗaya, mai saye ya buga waya a yi masa kwatance. Haka nan lambobin baƙon da ya yi bincike: a yi awo da su, a share, kada a tara.

Malaman makarantu da ke koyar da taswira suna iya ɗaukar ɗalibai su auna ƙofar makarantarsu da ta kasuwa mafi kusa, su lissafa nisan a kan allo, sannan su taka da ƙafa su gwada. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.