Wa Ke Da Ikon Hasken Ranar Da Ke Sauka A Rufin Gidanka?

Kwanakin baya wani abokin aikina ya zo mini da ƙorafin da na fara ɗauka abin dariya. Ya tattara ɗan abin da ya mallaka ya ɗora farantan sola a rufin gidansa, bai cika shekara ba maƙwabcinsa na kudu ya tayar da bene. Da hunturu ya shigo, lokacin da rana ke karkata kudu, inuwar benen ta rufe rabin farantan, batura suka daina cika. Ya ce mini, "Malam, wa zan kai wa ƙara?" Na rasa amsar ba shi.

Mai karatu, wannan tambaya ta wuce ta mutum ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, janareta ya gagari mai matsakaicin ƙarfi, jama'a suka koma ga rana. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda takardun filayenmu suka dogara a kanta, ba ta ce uffan ba game da hasken da ke sauka a kan fili. Ga shi kuma idan an jona faranta a jere, inuwa a kan guda ɗaya takan rage wutar sauran.

Wasu ƙasashe sun riga mu cin karo da matsalar. A Amurka, wata kotun jihar Fulorida ta yanke hukunci a 1959 cewa otal ba shi da ikon hana maƙwabcinsa gini don kawai zai tare masa rana. Amma a 1982 kotun ƙolin jihar Wiskonsin ta yarda cewa tare wa mai sola haske na iya zama cutarwar da za a kai ƙara a kanta. Ita kuwa Kalifoniya, tun 1978 ta haramta barin bishiya ta yi wa farantan maƙwabci inuwar da ta wuce kashi 10 cikin ɗari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Da dokar ta tilasta wa wasu ma'aurata datse bishiyoyin da suka girmi farantan maƙwabcinsu, sai aka gyara ta a 2008 don kare bishiyar da ta riga sola zuwa.

A nawa ganin, darasin shi ne a auna haƙƙin kowa da mudu ɗaya. Mai fili yana da ikon gina benensa, biranenmu kuma na buƙatar gidaje da inuwar bishiya. Mai sola shi ma bai kamata jarinsa ya salwanta dare ɗaya ba. Saboda haka ina kira ga majalisun jihohi da hukumomin tsara birane su buɗe rajistar farantan sola, su ƙayyade sa'o'in da ba za a tare haske ba, su kuma duba inda inuwa za ta faɗa kafin su amince da zanen bene. Inda ginin ya zama dole, mai shi ya ɗauki nauyin sauya wa farantan wuri.

Mun daɗe da sanin cewa ba a buɗe taga ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Lokaci ya yi da za mu zauna mu daidaita batun inuwa, tun kafin zumunci ya ƙare a gaban alƙali.